Manomin Ɗakin Sanyi da Irin Geron Adda Dije

Ruwan farko na bana ya sauka ranar Laraba da la'asar. Tun bai gama ɗaukewa ba maƙwabcin gonata ya zaro waya yana nuna mini hoton gajimare, wai an ce ruwa zai yi ta zuba har ƙarshen sati, mu fito da iri. Na ce ya mayar da wayarsa aljihu. Ba raina ta na yi ba, tana da ranarta. Amma ni an taɓa ce mini in yi shuka da muryar da duk manoman Gombe suka yarda da ita, na kuwa fita da sungumi, kuma saura ƙiris in binne abincin gidana na shekara guda a ƙasar da ba ta ƙoshi da ruwa ba. Duk sanda ƙamshin ƙasa ya tashi bayan zafin bazara, wannan shekarar ce ke dawo mini.

A lokacin ina faci a Bolari, kusa da tasha, ƙarƙashin wani dogonyaro, gidana da 'yar gonata kuma suna can ƙarshen Tumfure. Shekarun nan ne na tashin hankali, da in taya ta fashe a titi kowa sai ya kwanta a ƙasa. Ni da sana'ata ce ma sai gabana ya faɗi tukuna kafin in tuna abinci ne ya zo. Shingen bincike ko'ina, tasha ta rage cika, in mutum ya ajiye jaka ya juya baya sai a watse a bar masa wurin. Abin da ke tara mu a gindin bishiyar nan shi ne rediyota, wata baƙa da na ɗaure bayanta da robar tib, tana rataye a ƙusa tun safe har in tashi.

Tashar da muke kamawa ta wani gidan rediyo ce mai zaman kansa a garin nan, ba sai na faɗi sunansa ba. Mutum uku ne suka riƙe mu a cikinsa. Akwai Garba Tsawa mai shirin siyasa da safe, wanda ke katse mutum tun bai gama sallama ba. Akwai Hajiya Yelwa mai shirin mata da Fillanci. Sai Malam Iliya, mutumin ƙasar Tangale, mai shirin noma ranakun Talata da Juma'a bayan la'asar.

Malam Iliya na da wata ɗabi'a da ke ci mini rai. Ka tambaye shi a yi shuka ko kar a yi, ba zai ba ka amsa ba. Sai ya buga wa wani manomi waya a Kumo, ya ce, "Kana gona? To tona ka faɗa mini, danshi ya kai ina?" Ya jira, mu ma muna jira, muna jin numfashin mutum yana tona ƙasa da hannu. Daga nan ya kira na Dukku, ya kira na Bajoga, ya kira na Billiri. In danshi bai wuce wuyan hannu ba, sai ya ce a ƙara haƙuri. Sai ya kai gwiwar hannu a yawancin wuraren kafin ya buɗe baki ya ce a yi shuka. Ni kuwa mutum ne mai gaggawa, kuma ina son a ji muryata. Kusan kowane shiri sai na gwada kira, jefi-jefi in samu shiga, duk mai saurare ya san Sa'idu Mai Faci na Bolari. Ni na laƙaba masa suna manomin ɗakin sanyi, na ce yana zaune fanka na kaɗa shi yana sa talakawa tonon ƙasa. Bai taɓa katse ni ba. Abin haushin, duk da bakin nan nawa, ban taɓa fita da iri ba sai ya ce a fita.

A farkon bazarar wannan shekara muka ji an rage ma'aikata a gidan rediyon. An ce 'yan kasuwa sun daina kawo talla, wa zai tallata shago a garin da mutane ke tsoron shiga kasuwa? Ba a sanar da sunayen waɗanda aka sallama ba, mu muka gane da kunnenmu. Ranar Litinin babu Garba Tsawa, sai kiɗa. Ranar Laraba babu Hajiya Yelwa, sai kiɗa.

"Alhamdu lillahi, kunnenmu ya huta," in ji Buba mai keke Napep, wanda kullum a wurina yake shan inuwa. "Mutum sai ihu kamar an taka masa ƙafa."

"Kai dai faɗi gaskiya, ya taɓa katse ka ne," in ji Maman Talatu mai sayar da shinkafa da wake a gefena. "Wa ya rage da zai tambayi manya ina ruwan famfo? Ni Hajiya ce ta fi ba ni tausayi. Ba na jin Fillanci sosai, amma in tana magana sai in ji kamar wata babba ta shigo gida."

Na ce, "Saura manomin ɗakin sanyi. Gobe Talata, za mu gani. In an kore shi sai ya je ya riƙe fartanya ya ji yadda take."

Washegari bayan la'asar sai ga muryarsa kamar kullum, yana gaisuwa a hankali. Muka ce ashe shi ya tsira. Na buga waya in yi masa barka irin tawa, layi bai shiga ba. Ranar Juma'a ma bai shiga ba, haka sati na biye. Wasu na kira ana ɗauka, ina jin su, ni kaɗai ne ba na samu. Na yanke hukunci a raina cewa mutumin nan ya sa an toshe lambata, na kuma yi ta faɗa wa duk wanda ya kawo faci.

A gida kuwa abin da ke damuna ya fi wannan. Tun kaka yayata Adda Dije ta iso daga ƙauyen da ta yi aure can gabas, ita da 'ya'yanta mata biyu da surukarta da jikoki huɗu, bayan 'yan bindiga sun shiga garinsu. Mijinta bai fito tare da su ba. Mata na gudu da akwatin tufafi, ita abin da ta ɗauko rigar matashi ce cike da irin gero, kwano uku, wani gero mai gajeren kai da ke nuna da wuri, wanda gidan mijinta ke shukawa tun kakanni. Har dariya na yi mata a lokacin. Kafin bazara ta raba, bakunan da suka ƙaru sun cinye abin da na noma, muka juya kan irin da na ware muka cinye shi ma. Na kasuwa kuwa ba ya sayuwa, hanyoyin da ake kawo shi sun toshe. Ya zama duk gonar da za mu ci a shekara mai zuwa tana cikin rigar matashin nan.

Bazarar ta yi zafi irin wanda ba na mantawa. Kwanon rufi na ƙara da rana kamar ana jifansa. Ruwan randa ya koma ɗumi, masu kurar ruwa ba sa isowa ƙarshen Tumfure sai ka bi su da roƙo. Matata Hauwa ta mayar da girki sau ɗaya, da safe kunu tsararo wanda kana iya ganin gindin kofi ta cikinsa, da yamma tuwon da za a samu da miyar kuka ba mai. Yara suka koma cin ɗanyen mangwaro da gishiri har haƙoransu suka mutu. Kullum da la'asar kowa sai ya ɗaga kai gabas.

Wata Alhamis hadari ya haɗu, iska ta taso, ruwa ya zuba kamar da bakin ƙwarya, amma bai daɗe ba ya ɗauke. Yara suka fita tsirara suna tsalle, mata suka tara duk wata roba a bakin indararo. Ƙamshin ƙasa ya cika gari. Washegari Juma'a muka kewaye rediyo, har da waɗanda ba su da gona. Malam Iliya ya kira na Kumo, ya ce gwiwar hannu. Na Dukku ya ce gwiwar hannu. Na Billiri ya ce shi har ya wuce. Sai muka ji ya ce, "To jama'a, damina ta zauna. A yi shuka, Allah ya sa albarka."

Na rufe wurin faci tun kafin magariba na kama hanyar gida. Na tarar da Adda Dije a tsakar gida tana tsince ƙasa a cikin tsaki.

"Adda, gobe shuka. A fito da iri."

Ba ta ɗago ba. "Wannan ruwan na kwantar da zafi ne, Sa'idu. Kwaɗi ma ba su yi kuka ba."

"Rediyo ta ce damina ta zauna. Mutum uku aka kira a gari uku, da kunnena na ji."

"Kai ka tona?"

Ban tona ba. Shekaru ke nan ban tona ba, tunda akwai mai sa a tona mini. Amma na ɗaga murya na ce nan ba ƙauyensu ba ne, ƙasar Gombe daban take, in muka makara wa zai ciyar da yaran nan? Ta ajiye tsakin ta tashi ta fito da irin. A gidana take zaune, ba ta da ta cewa, kuma na san da haka na yi amfani. Har yau in na tuna sai na ji kunya.

Ranar Asabar da sassafe gonakin bayan sababbin gidajen Tumfure suka cika da mutane. Ina gaba da sungumi ina sara, Adda da Hauwa da sauran matan suna biye, kowacce ta tsunkuli iri da yatsa uku ta jefa a rami ta rufe da diddige. Rana ta fara ɗagawa, mun kusa gama kwano ɗaya, sai muka hango wani siririn dattijo a kan tsohon keke yana bin gefen gonaki, yana ɗaga hannu, da jaka ɗaure a bayan keken. Yana magana amma muryar ta dushe, ba a jin komai sai huci.

A shekarun nan baƙo da jaka a tsakiyar taro ba abin wasa ba ne. Mata suka ja baya. Wasu 'yan banga biyu na unguwarmu da ke shuka kusa da mu suka yo kansa da sanduna, suna cewa ya sauka, ya ajiye keken, ya buɗe jakar da kansa. Ya sauka yana haki, yana nuna ƙasa, da ƙyar muka ji yana cewa, "Ku dakata, kar ku shuka." Na iso da sungumina a kafaɗa, raina a ɓace.

"Kai waye? Wa ya aiko ka? Rediyo ta ce a yi shuka, kai ka zo kana hana mutane, so kake mu mutu da yunwa?"

Sandunan 'yan banga na bisa kansa, amma sai na ga ya karkata kunne wajena yana murmushi.

"Sake faɗa," in ji shi da muryar nan tasa da ta shaƙe. Ban sake ba. Ya ce, "Malam Sa'idu Mai Faci na Bolari. Ashe haka kake. Wallahi na ɗauka ƙato ne."

Na sauke sungumin, ashe Malam Iliya ne. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, shi ma bai taɓa ganin tawa ba, amma shekara da shekaru yana sauraron rashin kunyata, ya san muryata kamar ta ɗan gidansa. Na ce wa 'yan bangar su sauke sanda. A cikin jakar babu komai sai gorar ruwa da littattafan rubutu biyu cike da lambobin manoma.

"Malam, ba kai ka ce a yi shuka jiya ba?"

Ya kurɓi ruwa. "Ni ne, amma na bara. Wata biyu ke nan da aka sallame ni. Tsofaffin shirye-shiryena suke sakawa bi da bi, don kar wurin ya zauna shiru. Ni tun da aka sallame ni ban ƙara kunna rediyo ba, zuciyata ba ta so. Jiya ina wucewa ta wani shago a Hammadu Kafi na ji kaina ina cewa a yi shuka. Na je gidan rediyon, masu gadi ba su bar ni na shiga ba. Shi ne na ɗauko keke tun asuba." Ya nuna ƙasa. "Tona, Malam Sa'idu."

Na durƙusa na tona. Danshin bai wuce gaɓar yatsuna ba. Ƙarƙashinsa ƙasa ce busasshiya, har da sauran ɗumin bazara a jikinta. Da na ɗago, Adda Dije ta riga ta ɗaure bakin rigar matashin ta ɗora a ka. Ta kama hanyar gida, da ma zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Malam Iliya ya hau kekensa ya nufi gona ta gaba. Wasu sun saurare shi, da yawa kuma sun ce tsohon ya taɓu, suka ci gaba da sara.

Ruwa bai ƙara sauka ba sai bayan kusan sati uku. Kwanon da muka shuka ya tsiro, kore shar, layi-layi, abin sha'awa. Kwana kaɗan ganyen ya naɗe, ya koma ruwan toka, ya kwanta. Ina zuwa in tsaya a kansa da safe kamar mai zuwa gaisuwar mara lafiya. Waɗanda suka zuba irinsu duka suka rasa duka.

A gindin dogonyaro kuwa sunan Malam Iliya ya ɓaci. Buba mai keke na cikin waɗanda suka shuka komai, kullum sai ya ce mutumin nan ya cuce su, Allah ya isa. Wani direba ya ce ai da gangan ne, an haɗa baki da masu sayar da iri. Na rantse musu na gan shi da idona a kan keke, na ce shirin bara ne ake maimaitawa.

"Mai Faci, jiya kai ke zaginsa, yau kai ne lauyansa?" in ji Buba. "Muryarsa ce ko ba muryarsa ba?"

Ranar wata Talata ana cikin wannan musun, hannayena biyu na cikin bahon ruwa ina neman inda tib ke yoyo, shirin ya fara. Muka ji Malam Iliya ya ce akwai mai kira daga Bolari. Sai ga muryata, tawa ta kaina, tana fitowa daga jikin bishiya da ƙarfinta: "Malam, tsakani da Allah ka taɓa riƙe fartanya kuwa? Manomin ɗakin sanyi kawai!" Shi kuma ya amsa a hankali, "Na gode, Malam Sa'idu. Allah ya ba mu damina mai albarka."

Kowa ya dubi rediyo, ya dubi hannayena a cikin ruwa, wayata kuma tana can kan benci.

Maman Talatu ce ta fara magana. "To ga Mai Faci ya zama biyu, ɗaya a bishiya ɗaya a ƙasa. Wanne za mu fara zagi?"

Aka kwashe da dariya, ban da ni. Ban taɓa jin kaina daga waje ba sai ranar. Mutumin da ya shaƙe muryarsa a rana don ya ceci irin gidana, ga abin da nake gaya masa a gaban duk jiha, ga kuma abin da yake mayar mini. Na so ƙasa ta tsage in shige. Washegari Buba da kansa ya ɗauke mu a kekensa, mu biyar, zuwa ƙofar gidan rediyon. Ba a bar mu mun shiga ba, amma wani ya fito ya saurare mu, ya riƙe baki, ya ba da haƙuri. Daga wannan Juma'ar sai kiɗa.

Bayan kwana biyu sai ga Malam Iliya yana turo keke, tayoyin biyu duk ƙaya ta huda su. Ya ce mai faci ɗaya tak ya sani a garin nan. Na shimfiɗa masa buhu a benci, na fara kame-kamen neman gafara, ya ce in bari, ai masu kira irina ne ke hana mai shiri barci a kan kujera. Daga ranar kullum sai ya zo. Kusa da tasha muke, duk direban da ya shigo daga Kumo ko Dukku ko Bajoga sai ya tare shi ya tambaye shi inda ya ga ruwa a hanya, ya rubuta. Manoma suka ji labari suka fara zuwa, wasu don tambaya, wasu don su sauke masa haushinsu. Bai taɓa kare kansa ba. Sai ya ce, "Muryata ce, ba zan ce ba tawa ba ce. Ku yi haƙuri." Waɗanda suka rasa iri kuma ya buɗe littafinsa ya yi ta kiran mutanensa na ƙauyuka, wannan ya aiko da 'yar dawa ta hannun direba, wancan ya aiko da wake. Buba ma ta nan ya samu abin da ya sake shukawa, ya koma shi ke kai Malam gida in rana ta yi zafi.

Makonnin jiran nan su suka fi kowane wuya a gidana. Kwano biyu na gero a ɗaki, yara na kukan yunwa a tsakar gida. Wata rana da azahar na dawo na tarar ko wuta ba a hura ba, ƙaramar jikar Adda ta yi kuka har ta gaji ta kwanta a kan tabarma. Ni da bakina na ce, "Adda, a daka kwano ɗaya a yi wa yaran nan kunu. Allah zai kawo wani." Ta shiga ɗaki ta zauna a kan rigar matashin.

"Sai dai ka haɗa da ni ka daka."

Da rana ta yi sanyi ta ɗauki ƙwarya ta bi gidajen maƙwabta tana roƙon ganyen zogale a bakin katanga. Shi aka dafa da ɗan ƙuli muka ci ranar, da washegari, da wanshekaren washegari.

Ana saura kwana kaɗan a ga watan azumi ruwan gaske ya zo. Tun hantsi ya fara, ba iska ba hayaniya, ya yi ta zuba har la'asar, ya huta kwana ɗaya ya sake dawowa. Kwaɗi suka cika kududdufin bayan gidanmu da kuka. Malam Iliya ya ji ta bakin direbobinsa, sannan ya zo Tumfure da kansa, ya naɗe hannun riga ya tona a gonata, a gaban mutane sun fi ashirin. Ya miƙe da laka har saman hannu ya ce a yi shuka.

Adda Dije ta kawo masa ruwan wanke hannu. Ba ta saba magana da baƙin maza ba, amma ranar ta ce, "Malam, kana ta gonakin mutane. Taka fa?"

Ya daɗe yana wanke hannun nan. Sannan ya ce gonarsu ta gado tana ƙauye, bayan Billiri, yayansa ne ke noma ta, daga cikinta gidaje biyu ke ci. "Ban gaya musu an sallame ni ba, kunya na ji. Yayana ba ya riƙe waya, rediyo ce da shi, kuma in duk duniya za ta ƙi jin maganata shi zai ji. Ranar Asabar ɗin nan da nake yawo a nan, shi yana can yana shuka. Duka ya zuba."

Kwana da kwanaki yana zaune a bencina yana nema wa mutane iri, bai taɓa faɗa ba, bai kuma ware wa kansa ko tafi ɗaya ba.

Adda ta kwance bakin rigar matashin, ta ce wa Hauwa ta miƙo kwano. Na yi saurin auna gonata a raina, kwano biyun nan da ƙyar za su rufe ta. Na yi gyaran murya. Ta dube ni irin kallon da take yi mini tun ina yaro.

"Bana da yatsa biyu za mu tsunkula, ba uku ba. Zai isa."

Ta cika rabin kwano har ya yi tozo, ta juye masa a jakar littattafansa. Ya karɓi jakar da hannu biyu ya rungume ta a ƙirji. Da azahar Buba ya kai shi tasha ya hau motar Billiri.

Da yatsa biyu muka shuka, ya kuwa isa. Noman firi, wato noman farko na cire ciyawa, ya faɗo a tsakiyar azumi. Muna idar da sallar asuba mu kama fartanya, mu yi ta yi har rana ta take, harshe ya bushe ya manne a ganɗa, mu koma inuwa mu kwanta kamar an doke mu. Muka riƙa yin gayya, yau a gonata gobe a ta Buba, har 'yan bangar nan biyu suna ciki. Tafasa da rama suka fito a bakin gona, miya ta samu, buɗa-baki ya fara kama da buɗa-baki. Geron Adda bai yaudare mu ba. Na mutane na fitar da kai, namu har ya nuna, yara suka ci tumu suka ƙoshi a lokacin da yunwar damina ta fi tsanani. Na gode wa Allah, na gode wa matar nan, na kuma gode wa mutumin da na yi shekaru ina yi wa ba'a. Ban san yadda gidana zai kai kaka ba in da bai hau keken nan ba.

Garba Tsawa ya samu wata tashar daga baya, har yau yana katse mutane, har yau ana musu a kansa. Hajiya Yelwa na ji ta koma sayar da atamfa. Malam Iliya ba a sake kiransa ba, ya tattara ya koma ƙauye kafin a yi girbi.

Bayan an gama kaka, wata Asabar da hantsi, wata motar haya ta tsaya a ƙofar gidana. Malam Iliya ya fito, tare da wani tsoho da ya fi shi tsufa, suna kama kamar an tsaga kara. Suka sauke dami biyu na gero daga saman motar. Malam ya ce yayansa ne, ya ƙi yarda a aiko, sai ya zo ya ga mai irin da idonsa.

Adda Dije ta fito da mayafi. Ta amsa gaisuwa, amma idonta na kan damin. Ta zare zangarniya ɗaya, gajera, ta murza a tafin hannu, ta hure ƙaiƙayin, ta daɗe tana kallon ƙwayar.

"Baba, ƙasarku wace iri ce?"

"Ja ce, Mama," in ji tsohon. "Ga duwatsu."

"Kuma ya yarda ya fito."

"Ya fito sosai. Maƙwabta har sun fara roƙon iri. Suna tambaya me ake kiransa, na ce sai na tambayi mai shi."

Ta buɗe baki ta faɗi sunan ƙauyensu. Tun da ta zo gidana ban taɓa jin ta ambace shi ba, ban kuma taɓa ganin hawayenta ba, ko ranar da aka kawo labarin rasuwar mijinta. Ta zauna a ƙasa nan bakin ƙofa, zangarniyar na hannunta, ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mai sauti. Mu uku muka tsaya a kanta, babu wanda ya ce ta yi shiru.